Ladan Likitan Haƙori A Ma'aunin Shari'a

 

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san dare ne wanda garinsa ba ya wayewa da wuri. Magidanci yakan kwana zaune, hannu a kunci, ya tauna kanumfari, ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya haɗiyi ƙwayoyin da mai kemis ya ba shi, amma ciwo na nan yana sara kamar ana buga ƙusa. Da safe ya nufi asibitin gwamnati ya tarar da layi, a ce masa ya dawo wani mako. Daga nan sai asibitin kuɗi. A can zai biya kuɗin kati, ya biya kuɗin hoto, sa'an nan likita ya shimfiɗa masa hanya biyu: ko a cire haƙorin a kan kuɗi kaza, ko kuwa a cece shi, watau a kashe jijiyarsa, a wanke ramin saiwarsa, a cike, a sanya masa hula, a kan kuɗin da ya ninka na farko sau da yawa. A manyan garuruwa kuɗin wannan hanya ta biyu yakan zarce Naira 70,000, watau mafi ƙarancin albashin da aka zartar a Nijeriya a shekarar 2024. Mutumin yakan fito da auduga a baki da giɓi a dasashi, yana cewa likitocin zamani ba su da imani. Shin gaskiya ya faɗa, ko kuwa zafin ciwo ne da zafin aljihu suka yi magana?

Abu na farko ba shi da wahalar warwarewa. Karɓar lada a kan magani halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ƙaho, ya kuwa sa aka biya shi da abinci, har ya yi magana da iyayengijinsa suka rage masa abin da suka aza masa yana kai musu. Ibn Abbas ya kafa hujja da wannan cewa da ladan haramun ne da Annabi bai bayar ba. Akwai wani hadisi da ya kushe sana'ar mai yin ƙaho, amma yawancin malamai sun ɗauke shi a kan karahiya, ba haramci ba. A ƙasar Hausa ma wanzamin da ke yin ƙaho shi ne yake cire haƙori tun kafin zuwan asibiti, ba a kuwa taɓa jin malamai sun hana a ba shi ladansa ba. Saboda haka mai cewa likita ya yi aiki don Allah kurum, ya nemi abin da shari'a ba ta ɗora wa kowane ma'aikaci ba.

Sai maganar yawan ladan. Kafin a yanke wa likita hukunci, adalci ne a leƙa cikin kuɗin nan a ga abin da ke ciki. Likitan haƙori yakan shafe shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin manya, kafin hukumar likitoci ta ƙasa ta sakar masa hannu. Kujerar da mai ciwo ke kwanciya a kanta, da injin huda haƙori, da na'urar ɗaukar hoto, da allurar kashe zafi, da abin cike kogo, kusan dukkansu daga ƙasashen waje ake sayo su da kuɗin waje. Kafin watan Yuni na 2023 ana sayen Dalar Amurka ɗaya a hukumance a kan wajen Naira 460. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na masu layin da aka fi ba wuta zuwa Naira 225 a kowace awar kilowat, alhali aikin haƙori ba ya yiwuwa sai da wuta. In an ɗauke, sai janareta. Akwai kuma wani kashe kuɗi da mai ciwo ba ya gani ko kaɗan: tukunyar da ke dafa kayan aiki da tururi mai tsananin zafi bayan kowane mutum guda, da safar hannu da allurar da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Wannan shi ne katangar da ke tsakanin bakinsa da ciwon hanta ko ƙanjamau na wanda ya riga shi hawa kujera. Mai cire haƙori a gefen kasuwa yana da araha domin ya tsallake duk wannan, araha kuwa ba ta ado. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da iliminsa ba.

Ke nan tsada kaɗai ba ta isa shaida a kan zalunci ba. Kuɗi na iya yin yawa ga mai biya, ya kuma zama daidai da wahalar mai aiki. Malamai suna kiran ma'aunin da suke komawa gare shi ujratul misli, watau ladan da masu irin wannan sana'a, masu irin wannan ƙwarewa, suka saba karɓa a wannan gari a wannan lokaci. Likitan da ya tsaya a nan bai ci haƙƙin kowa ba, ko da mai ciwo ya fita yana guna-guni.

Amma fa akwai inda ɗakin likitan haƙori ya bambanta da rumfar mai hatsi, a nan ne kuwa nauyin al'amarin yake. Mai sayen gero yana ganin geron da idonsa, ya damƙa ya shinshina, ya taya, in bai yi masa ba ya wuce rumfa ta gaba. Mai ciwon haƙori an raba shi da duk wannan. Ciwo ya hana shi haƙurin zagayawa, kuma ba ya iya ganin cikin bakinsa. In ma an nuna masa hoton, baƙi da fari kawai zai gani. Wanda zai sayar masa da aikin shi ne kuma wanda zai gaya masa ko yana bukatar aikin. In likita ya ce haƙora uku ne suka ruɓe, uku ne. In ya ce sai an yi yau, sai yau. Ba a cika samun cinikin da ɗaya gefen ke riƙe da ilimi duka, ɗayan kuma ke kwance baki buɗe ba, sai wannan.

Fiƙihun Malikiyya ya san irin wannan mutum, ya kuma ba shi suna. Asalin hukunci a mazhaba shi ne wanda aka tsawwala wa farashi ya kuma yarda, ba shi da ikon warware ciniki, domin shi ya yi sakaci. Amma malamai sun yi magana ta dabam a kan wanda suke kira mustarsili, watau wanda ya saki jiki ya gaya wa mai kaya cewa shi bai san farashi ba, a yi masa kamar yadda ake yi wa mutane. Wanda ya ƙara wa irin wannan mutum fiye da abin da aka saba, ya ci amana, ba riba ya ci ba. To, wane ne ya fi mai ciwon haƙori cancantar wannan suna? Ko bai furta da baki ba, hawansa kujera ya furta.

Abin sha'awa, malaman da suka gabata sun ɗauki haƙori kansa suka yi misali da shi a babin ijara. Shehu Halilu, a cikin Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya ambata cewa idan an yi jinga da mutum a kan ya cire haƙori mai ciwo, sai ciwon ya lafa kafin a cire, to ijarar ta warware. Imamu Nawawi kuma, a ɓangaren Shafi'iyya, ya bayyana a cikin Minhaj cewa ijara ba ta inganta a kan cire lafiyayyen haƙori. Mai karatu ya dubi abin da ke ƙarƙashin hukuncin nan biyu. Abin da ake biya ba motsin hannun likita ba ne, amfanin da mai ciwo ya samu ne. Inda babu amfani, babu lada, ko da an yi aikin, ko da mai haƙorin ya yarda. Da wannan ma'auni, likitan da ya karɓi kuɗi mai yawa a kan aikin da ya zama dole ya fi tsarkin dukiya a kan wanda ya karɓi kaɗan a kan cike kogon da babu shi, ko hoton da ba a bukata, ko hular da aka ɗora wa haƙorin da cikewa kaɗai ta ishe shi. Na biyun nan, duk ƙanƙantar abin da ya karɓa, ya ci dukiyar mutum da ɓarna, ya kuma sassaƙe masa gaɓar da ba ta sake tsirowa. Haka nan wanda ke tura mai ciwo wani wurin hoto ko wani kemis takamaimai domin ana yanka masa kaso a ɓoye, mai ciwon kuwa yana zaton nasiha ce aka yi masa.

Sharaɗin ijara ne kuma a san lada kafin a fara aiki. A nan ne da yawa daga masu asibiti suke zamewa, wasu da gangan, wasu da sakaci. A gaya wa mutum kuɗin zama na farko, a huda haƙori, a kashe jijiya, sai ya dawo zama na biyu ya ji wani sabon kuɗi, na uku kuma a ce ai hula dabam take. A lokacin ba shi da hanyar ja da baya, domin haƙorin da aka buɗe ba a barinsa a buɗe. Wannan cinikin biri a sama ne, garari ne wanda shari'a ta hana. Gaskiya ne likita ba koyaushe yake sanin zurfin ɓarna ba sai ya buɗe. Amma ya san iyakar abin da zai iya tararwa, kuma ba abin da zai hana shi faɗar mafi ƙaranci da mafi yawa tun mutum yana tsaye da ƙafafunsa, kafin allura ta kashe masa leɓe.

Akwai wata al'ada da wasu ke ganin kirki ce: a dubi rigar mutum da motar da ya zo da ita a yanka masa kuɗi, da hujjar cewa da rarar mai hali ake rage wa talaka. Niyyar tana iya zama mai kyau, hanyar ce ba ta da kyau. Mai hali ma mustarsili ne a kan kujerar nan, dukiyarsa kuwa ba ta halatta sai da daɗin ransa. Abin da ya fi tsabta shi ne farashi ya zama ɗaya, a rubuce inda kowa zai gani, sa'an nan likita ya rage wa wanda ya ga dama daga nasa haƙƙin. In yana son masu hali su taimaka, ya gaya musu a sarari. Da yawansu za su bayar, su kuma sami ladan da ɓoyewar ta hana su.

Idan kuma aikin bai yi ƙarko ba fa, cikon ya faɗo bayan mako biyu? Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya ambata a Risala cewa ya halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan warkewa, watau ba shi da lada sai an warke. Halas ne, amma ba wajibi ba ne, kuma yawancin aikin haƙori ana yinsa ne a kan aikin kansa, domin waraka ta Allah ce. Duk da haka, abin da ya lalace saboda gaggawar likita ko ƙarancin ingancin kayan da ya sa, gyaransa a wuyansa yake ba tare da sabon kuɗi ba. Abin da ya lalace domin mai haƙori ya koma shan rake da fasa ƙashi washegari, wannan kuma nasa ne.

Wasu za su ce me ya hana hukuma ta ƙayyade farashi kowa ya huta? Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi ya yanka farashi, ya ƙi, yana tsoron kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Da wannan ne yawancin malamai suka hana ƙayyadewa idan tsadar ta zo ne daga ƙarancin kaya ko yawan masu nema. Amma wasu daga Malikiyya sun ba shugaba dama idan maslahar jama'a ta bukata, Ibn Taimiyya kuma, wanda ya rasu a shekara ta 728 ta Hijira, ya tafi a littafinsa na Hisba a kan cewa masu sana'ar da jama'a ba su iya rayuwa sai da ita ana iya tilasta musu yin aiki a kan ladan da aka saba, ba a bar su su ƙara ba, ba a kuma bar jama'a su tauye su ba. Ibn Habib, malamin Malikiyya na Andalus, ya ma tsara yadda za a yi: shugaba ya tara manyan masu sana'ar, ya kawo waɗansu amintattu domin tabbatar da gaskiyarsu, ya tambayi yadda suke saye da yadda suke sayarwa, a daidaita a kan abin da su da jama'a za su rayu da shi, da yardarsu. Hikimar wannan sharaɗi na yarda a fili take a halin Nijeriya. Makarantar koyon aikin haƙori ta farko an buɗe ta ne a Jami'ar Legas a 1966, arewa kuwa ba ta sami tata ba sai bayan shekaru masu yawa, har yanzu kuma likitocin haƙori kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane, wasu suna ta ficewa ƙasashen waje. Farashin da aka yanka ƙasa da abin da aka kashe, ko ya rufe asibiti, ko ya sa a fara tsallake tukunyar dafa kaya. Abin da hukuma za ta fi amfanar da jama'a da shi, shi ne tilasta bayyana farashi, da buɗe ƙofar da wanda aka cuta zai kai ƙara a saurare shi. Aikin muhtasibi ke nan tun da: a shekarar 931 ta Miladiyya Halifa Muƙtadir ya sa Sinanu ɗan Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza, aka hana wanda bai ci ba taɓa marasa lafiya.

Sai dai ko an gyara duk wannan, matsalar magidancin nan ba ta ƙare ba, domin farashin adalci ma ya fi ƙarfinsa. A wasiƙar da Annabi ya aika wa mutanen Yaman ta hannun Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, ba a kuwa bambanta haƙorin attajiri da na ɗan dako ba. Shari'ar da ta daraja haƙori haka ba za ta yarda a ce na talaka makomarsa cirewa, na mai kuɗi makomarsa gyara, a kuma ɗauka haka Allah ya so ba. Amma nauyin ba a kan likita ɗaya yake ba. Samar da magani ga jama'a farali ne na kifaya, kan al'umma duka. Musulmin da suka gabata sun sauke shi da waƙafi: asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ana jinya a cikinsa kyauta, likitoci kuma suna karɓar albashinsu daga dukiyar waƙafin. Ga mai ciwo kyauta ne, ga likita kuwa ba aikin banza ba ne. Cewa nauyin ba ƙarami ba ne, ƙasashe masu arziki ma sun shaida. Ingila ta fara yi wa jama'arta aikin haƙori kyauta a 1948, amma a 1951 kuɗin ya sa gwamnati ta ɗora wa mutane biyan wani kaso na haƙoran roba, har Aneurin Bevan, wanda ya kafa tsarin, ya ajiye muƙaminsa na minista saboda fushi. A Nijeriya dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma mafi yawan mutane daga aljihunsu suke biya. Masu fitar da zakka da masu gina masallaci na uku a layi ɗaya ba su cika tuna cewa kujerar haƙori guda a asibitin ƙaramar hukuma, da kuɗin kayan aikinta na shekara, sadaka ce mai gudana ba.

Mai haƙorin ma yana da nasa kason. Annabi ya kwaɗaitar da yin asuwaki ƙwarai, har ya nuna cewa tsoron tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana shi wajabta shi a kowace salla, amma ga shi an bar asuwaki an rungumi lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu. Kogon da za a cike da kuɗi kaɗan in an zo da wuri, shi ne ake bari shekara biyu har ya kai jijiya. Akwai kuma wanda zai yi ta ƙorafin kuɗin magani alhali bai yi ciniki ba ranar da ya sa haƙorin Makka, da wanda likita zai yi wa aiki bashi saboda tausayi, da zarar ciwo ya lafa ya canza hanya. Irin waɗannan su ne suka sa asibitoci da yawa suka koma sai an biya kafin a taɓa mutum, aka shafa wa masu gaskiya kashin kaji.

To, a koma ga magidancin nan da likitansa, a ranar da aka shimfiɗa hanya biyu. Likita ya ga haƙorin yana cetuwa, ya kuma ga mutumin ba shi da kuɗin ceto. Ba a wajabta masa ya yi aikin zama uku kyauta ba. An wajabta masa ya faɗi gaskiya cewa haƙorin nan bai mutu ba, kada ya ce cirewa ce kaɗai mafita domin ya sallami mutum da wuri, kada kuma ya tsorata shi da abin da ba zai faru ba domin ya tura shi cin bashi. Ya gaya masa abin da giɓi ke jawowa, cewa haƙoran da ke maƙwabtaka da shi sukan karkato, tauna ta koma gefe ɗaya. Ya gaya masa cewa sau da yawa ana iya buɗe haƙorin a cire abin da ke ciwo a sa ciko na wucin gadi da kuɗi kaɗan, ya sami 'yan makonni na neman sauran, kuma asibitocin koyarwa na gwamnati suna yin wannan aiki da rangwame ga wanda zai iya jiran layi. In zai iya karɓar kuɗinsa kashi-kashi, Alƙur'ani ya yi umurni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. In kuwa bayan ya ji duk wannan mutumin ya zaɓi a cire, haƙorinsa ne. Sai likita ya cire masa da allura cikakkiya da kaya dafaffu, a kan kuɗin da ke rubuce a bango.